Kiran Gaggawa Ta Waya: Kwatance Rabin Agaji Ne

Darasin wannan wata a kan neman agaji ne ta wayar hannu. Ya shafi manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da matar aure. Ya shafi duk wanda ke zaune a ƙauye, nesa da asibiti da ofishin 'yan sanda. A karanta shi a tsanake. A kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba tukuna.

DAGA KURURUWA ZUWA WAYA

Tun zamanin kaka da kakanni mutanen karkara suna da hanyar neman agaji. Idan gobara ta tashi, sai a yi kururuwa. Idan ɓarawo ya shigo gari, sai a yi ihu. Idan yaro ya faɗa rijiya, mata su ɗora hannu a ka su ƙwala kira. Nan da nan maƙwabta su fito, wannan da guga, wancan da igiya, wani da sanda.

Kururuwa tana da wani amfani da ba kowa ke lura da shi ba. Wanda ya ji ta ba ya tambayar inda abin ya faru. Kunnensa ne ke gaya masa. In ya ji ihu daga gabas, sai ya nufi gabas. Ya san muryar maƙwabcinsa, ya san gidansa, ya kuma san hanya ko da cikin duhun dare. Aibinta ɗaya ne, ba ta zuwa nesa. Ihun da aka yi a ƙauyen Tsafe ba zai kai Gusau ba.

Waya ta yi maganin nisa. Wayar hannu ta fara aiki a Nijeriya cikin watan Agusta na 2001. Yau da wuya a sami ƙauyen da babu mai ita. To amma ta zo da tata matsalar. Wanda ya amsa kiran yana zaune ne a ɗaki, a wani gari. Bai san mai kira ba, bai san ƙauyensa ba. Muryar mai kira daga Nahuche da ta mai kira daga 'Yandoto duk ɗaya suke a kunnensa. Ba zai san inda zai tura agaji ba sai an gaya masa.

ASALIN LAMBAR GAGGAWA

Lambar gaggawa gajeriyar lamba ce mai sauƙin riƙewa. Ana buga ta ne idan rai ko dukiya na cikin haɗari.

Asalinta daga Ingila ne. A 1935 gobara ta tashi a wani gida a birnin Landan, mata 5 suka mutu. Wani maƙwabci ya buga waya don ya kira 'yan kwana-kwana, aka bar shi yana jira a layi. Mutane suka yi ta ƙorafi. Saboda haka a 1937 aka keɓe lamba 999 don gaggawa kawai. Amurka ta bi sahu a 1968 da lamba 911. A 1991 ƙasashen Turai suka amince da lamba 112 ta zama tasu baki ɗaya.

LAMBOBIN DA AKE BUGAWA A NIJERIYA

A Nijeriya lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Wato ɗaya, ɗaya, biyu. Hukumar Kula da Sadarwa ta Ƙasa, wadda ake kira NCC, ita ce ta gina cibiyoyin amsa wannan kira a jihohi da dama. An buɗe cibiyar Katsina a 2019. Ta Abuja kuma Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe ta cikin watan Maris na 2020.

Akwai kuma lamba 122. Wato ɗaya, biyu, biyu. Wannan ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ce, wadda aka kafa a 1988. Ana buga ta ne idan an yi haɗarin mota a kan hanya.

Duka lambobin nan biyu kyauta ne. Ko babu kati a waya ana iya buga su. Yawancin wayoyi ma suna barin a buga 112 ko da an kulle su da lambar sirri. Saboda haka wanda ya tsinci wayar wanda ya yi haɗari yana iya kira da ita.

YADDA KIRA KE TAFIYA

Idan mutum ya danna 112, muryarsa na fara zuwa ƙarfen sabis da ke kusa da shi. Daga nan kamfanin waya ya miƙa kiran zuwa cibiyar gaggawa. A can akwai ma'aikata da ke zaune dare da rana. Mai amsa zai saurara, ya rubuta abin da aka gaya masa. Sannan ya miƙa saƙon ga hukumar da abin ya shafa. In fashi ne ko hari, 'yan sanda da sauran jami'an tsaro. In gobara ce, 'yan kwana-kwana. In haɗarin mota ne, jami'an kiyaye haɗurra. In rashin lafiya ne, motar asibiti.

A lura da wannan sosai. Wanda ya amsa waya ba shi ne zai zo ba. Saƙo zai bi ta baki biyu ko uku kafin ya kai ga direban da zai tayar da mota. In kwatance ya fito a karkace daga bakin farko, a karkace zai isa. Direba kuma ba zai ga abin da mai kira ke gani ba. Abin da aka rubuta masa kaɗai zai bi.

SHIN WAYA NA NUNA INDA MUTUM YAKE?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an buga waya, hukuma ta ga inda mutum yake tsaye. Wannan zato yana sa wasu sakaci da kwatance. Ya kamata a san yadda abin yake.

A zamanin wayar tangaraho ta NITEL, kowace waya a ɗaure take da gida ɗaya ko ofis ɗaya. In an san lambar, an san gidan. Wayar hannu kuwa yawo take yi a aljihu. Yau tana Bungudu, gobe tana Gusau, jibi tana Funtuwa. Lambarta ba ta nuna inda take.

Hanya biyu ce ake bi a gano inda wayar hannu take.

Ta farko ita ce ta ƙarfen sabis. Kamfanin waya ya san ƙarfen da kiran ya biyo ta kansa. A cikin birni ƙarafan suna kusa da juna, saboda haka ana iya sanin unguwar da mutum yake. A karkara kuwa ƙarfe ɗaya ne ke ba ƙauyuka da yawa sabis, har tsawon kilomitoci. Sanin ƙarfen kamar a ce wa mutum ne ɗan'uwansa yana cikin kasuwar Tsafe ran kasuwa. An rage masa wahala, amma da sauran nema.

Akwai wani abin lura kuma. Mutumin da ke ƙauyen Tsafe kusa da iyakar Jihar Katsina, wayarsa na iya kama ƙarfen da ke cikin Katsina. Yana yiwuwa wanda ya amsa masa ya ɗauka daga can yake kira. Shi ya sa ake so a fara da faɗin sunan jiha.

Hanya ta biyu ita ce ta tauraron ɗan'adam. Babbar waya, irin wadda ake shafawa, tana da wata na'ura a ciki da ake kira GPS. Na'urar na sauraren taurarin da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama. In ta ji aƙalla 4 daga cikinsu, sai ta lissafa inda take, kuskurenta bai wuce 'yan taku ba. A 2014 aka fara wata dabara a Ingila, wadda in an buga lambar gaggawa waya da kanta za ta aika wa cibiya saƙon inda take. Wayoyin Android sun sami wannan dabara a 2016, wayoyin iPhone kuma a 2018. Sai dai tana aiki ne kawai a inda cibiyar ƙasa ta shirya karɓar irin wannan saƙo. Yawancin ƙananan wayoyi masu madannai, waɗanda suka fi yawa a ƙauye, ba su da wannan na'ura sam.

Saboda haka mutumin karkara kada ya dogara da na'ura. Bakinsa shi ne taswirar masu kawo agaji.

TSADAR MINTI ƊAYA

Masana lafiya sun nuna cewa idan numfashin mutum ya tsaya, ƙwaƙwalwarsa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasa ranta cikin awa 2 in ba a taimake ta ba. Gobarar ɗakin ciyawa kuwa kowa ya san ba ta jira.

Ga ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa ɗaya tana cin kilomita 1 a kowane minti. In direba ya bi hanyar da ba ita ba har kilomita 15, ya ɓata minti 15. Zai kuma ƙara minti 15 wajen dawowa inda ya fara. Rabin awa ke nan ya tafi a banza. Wanda ya tsaya ya yi kwatance mai kyau na minti 1 ya ceci wannan rabin awa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

MISALI NA FARKO

Waɗannan misalai biyu an tsara su ne don koyo. A ɗauka wata mota ta kife kusa da Kwatarkwashi, wani manomi da ke aiki a bakin hanya ya buga waya.

Mai amsa: Cibiyar gaggawa ce. Me ya faru?

Mai kira: Wayyo Allah! Ku zo, ku zo! Mota ta kife da mutane!

Mai amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Daga ina kake kira?

Mai kira: Nan bayan garinmu, dab da gonar Alhaji!

Mai amsa: Wane gari ne? Wace ƙaramar hukuma?

Mai kira: Bungudu! Don Allah ku yi sauri!

Daga nan sai ya kashe waya, ya ruga wajen motar.

Wannan mutum niyyarsa mai kyau ce. Bai kuma yi ƙarya ba, domin Kwatarkwashi a cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu take. Amma garin Bungudu yana kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato ne. Kwatarkwashi kuwa tana kan hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa. Direban da ya tashi daga Gusau da kalmar Bungudu kaɗai zai juya wa wurin haɗarin baya. Gonar Alhaji kuma babu garin da babu ita.

MISALI NA BIYU

Ga wurin nan dai, ga haɗarin nan dai, amma mai kira ya iya kwatance.

Mai kira: Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, haɗarin mota ne. Jihar Zamfara, hanyar Gusau zuwa Tsafe. In ka fito daga Gusau, ka wuce garin Kwatarkwashi da kamar kilomita 2, za ka ga kwalbati. Motar tana hannun hagu, cikin gonar dawa.

Mai amsa: Na ji, Malam. Wace irin mota ce?

Mai kira: Ƙaramar bas ce, fara.

Mai amsa: Mutum nawa suka ji rauni?

Mai kira: Na ga mutum 6. Biyu jini na zuba sosai. Direba ya maƙale a ciki, amma yana magana.

Mai amsa: Akwai wuta?

Mai kira: Babu, amma ana jin warin fetur.

Mai amsa: A hana kowa kunna sigari. Kada ka kashe wayarka.

Mai kira: To, ranka ya daɗe. Zan sa yaro ya tsaya bakin titi da jan ƙyalle.

Wannan kira bai kai minti 2 ba. Amma an san wuri, an san abin da ya faru, an san kayan aikin da za a ɗauko.

ABUBUWA BIYAR DA MAI KIRA ZAI FAƊA

1. Abin da ya faru, cikin kalma biyu ko uku. Gobara ce, ko haɗarin mota, ko naƙuda, ko saran maciji, ko hari.

2. Wurin da ya faru. A fara daga babba zuwa ƙarami: jiha, ƙaramar hukuma, babbar hanya, gari, unguwa.

3. Alamar da baƙo zai gani da idonsa. Masallacin Juma'a, makarantar firamare, gidan mai, gada, ƙarfen sabis, rijiyar burtsatse, dutse ko babbar kuka.

4. Yawan mutanen da abin ya shafa da halin da suke ciki.

5. Sunan mai kira, da wanda zai tari masu agaji a bakin hanya.

Idan mai amsa ya fara magana da Turanci, mai kira ya gaya masa da Hausa zai yi magana. Kada ya ji kunya. Kada kuma ya kashe waya sai an ce masa an gama.

YADDA AKE KWATANCE GA BAƘO

Kwatancen ɗan gari daban, na baƙo daban. Ɗan gari ya san gidan Sarkin Noma da fadamar Liman. Baƙo bai sani ba. Ga ƙa'idojin da za su taimaka.

A faɗi daga inda aka fara. Hannun dama ga wanda ya fito daga Gusau shi ne hannun hagu ga wanda ya fito daga Tsafe. Saboda haka a ce, in ka fito daga gari kaza.

A yi amfani da gabas da yamma da kudu da arewa. Kowane mai salla ya san gabas, ko a ina yake.

A faɗi nisa da abin da ake iya aunawa. Kalmar nan kusa ba ta da ma'auni. A ce kilomita 3, ko tafiyar minti 10 a babur.

A yi hankali da sunaye masu kama da juna. Akwai Tudun Wada a Gusau, akwai a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Kano. Akwai Sabon Gari a Gusau da Zariya da Kano. Sabon Gida kuwa ba ya ƙirguwa. Duk mai irin wannan suna ya haɗa da sunan babban garin da ke kusa.

Wani ƙauyen yana da suna biyu, wanda mutanensa ke kira da wanda hukuma ta rubuta. A faɗi duka biyun. Sunan hukuma yana nan a rubuce a allon makarantar firamare ko na ɗakin shan magani. A nan ne amfanin karatu ke fitowa. Matafiyin da ya iya karanta allon bakin hanya ya san garin da ya wuce na ƙarshe. In haɗari ya faru, yana da abin faɗa.

A faɗi halin hanya. In damina ce kuma rafi ya kawo, a gaya musu. In mota ba ta shiga sai babur, a gaya musu tun farko, a kuma shirya inda za a haɗu.

Mai babbar waya yana iya aika inda yake ta WhatsApp zuwa ga direba ko ma'aikacin lafiya da ya sani. Wannan na bukatar intanet. Matasan gari su koya wa juna tun ana zaman lafiya.

IDAN HARI NE

Ƙauyukan Zamfara da yawa sun ɗanɗana harin 'yan bindiga. A irin wannan hali mai kira ya fara tsira da ransa. Ya sami maɓoya, ya kashe ƙarar wayarsa, ya rufe haskenta, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya fara da sunan gari da ƙaramar hukuma, don ko kiran ya yanke an sami abin riƙewa. Sannan ya faɗi ta inda maharan suka ɓullo, da inda suka nufa, da kimanin yawansu, da ko a babura suke ko a ƙafa. Abin da ya gani da idonsa kaɗai zai faɗa. Jita-jita na iya tura jami'ai inda babu komai, a bar inda ake bukatarsu.

IDAN BABU SABIS

Lambar gaggawa ba ta aiki sai da sabis. Mutanen Zamfara sun ga haka da idonsu. A farkon watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, a zamanin Gwamna Bello Matawalle. An mayar wa birnin Gusau da sabis ranar 1 ga Oktoba. Sauran sassan jihar sai wajen ƙarshen Nuwamba na wannan shekara. A tsawon wannan lokaci wanda ke Tsafe ko Bungudu ba shi da hanyar kiran kowa. Saƙo sai a baki ko a takarda, kamar zamanin da.

Ko a yau akwai ƙauyukan da sabis ba ya isa, ko yake zuwa yana ɗaukewa. Wani lokacin kuma kira yakan ƙi shiga, ko ya shiga ba a ɗauka da wuri ba. Don haka ba a dogara da hanya ɗaya. Ga abin da ya kamata kowane ƙauye ya yi.

A san wurin da sabis ya fi kamawa, ko tudu ne, ko kan dutse, ko bakin titi. Kowa ya san shi, har mata da yara.

In da hali, a sami layin kamfani biyu a gari. In wannan ya ɗauke, wancan na iya kamawa.

Rubutaccen saƙo yakan wuce a inda murya ta kasa. A tura wa wani sananne da ke gari, shi kuma ya kira hukuma. Wannan ma sai wanda ya iya rubutu.

A keɓe mai babur ko mai keke da zai ruga da saƙo in waya ta gaza.

SHIRI KAFIN RANAR

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar tashin hankali ƙwaƙwalwa takan rikice, har mutum ya manta sunan garinsu. Maganin wannan shi ne a rubuta kwatance tun yau, a kan kwali ko takarda mai kauri, da manyan baƙaƙe. A liƙa a zaure ko a bayan ƙofa. Ga yadda za a tsara shi.

Jiha: Zamfara.
Ƙaramar Hukuma: ……
Sunan gari: ……
Babban gari mafi kusa: ……
Babbar hanya: ……
Mararrabar da ake ratsewa: ……
Alama: ……
Nisa daga kwalta: ……

A ƙasan takardar a rubuta 112 da 122. A ƙara da lambar mai gari, da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa, da ta ma'aikacin lafiya, da ta ungozoma, da ta direba ko mai babur biyu.

Direban da ke kusa yakan riga motar asibiti isowa. An gwada wannan a arewa. Wajen 2010 an yi wani shiri a jihohin Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe, inda aka horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti da gaggawa. Kowane gari na iya yin irin wannan yarjejeniya da direbobin tasharsa. A kuma ajiye ɗan asusu na kuɗin mai, don kada a tsaya ciniki mara lafiya na kwance.

Maigida ya tabbata akwai waya mai caji a gida ko da ya fita. Naƙuda da gobarar murhu da faɗawar yaro rijiya sukan zo ne maza suna gona ko kasuwa. Saboda haka wajibi ne mata su iya danna 112, su kuma iya karanta kwatancen gidansu.

Kowane ƙauye ya kafa allo a mararrabarsa, ɗauke da sunan gari da kibiya mai nuna hanya. Aikin gayya na yini ɗaya ya isa. In dare ne, a tura mutum biyu da tocila su tsaya a mararrabar.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Kada a buga lambar gaggawa don wasa ko don gwaji. Mai yin haka yana tare layi ne, alhali wani na can rai a hannun Allah. A kwaɓi yara.

Kada a yi filashin. Kiran kyauta ne, a tsaya har a ɗauka.

Kada kowa ya zaci wani ya riga ya kira. A nuna mutum ɗaya a ce, wane, kai ka buga.

Kada a tsaya ɗaukar hoto da wayar da ya kamata a nemi agaji da ita.

Kada mai kira ya shiga wata hira da wayar bayan ya gama. Masu agaji na iya nemansa in sun ɓata hanya.

Kada a zauna jira kawai. In akwai motar da za ta kai mara lafiya babban asibitin Tsafe, ko na Bungudu, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, a kama hanya. Sai dai wanda ake zaton ya karye a wuya ko a gadon baya, kada a ciccibe shi da garaje.

SABABBIN KALMOMI

Gaggawa: abin da ba ya jira.
Cibiya: ofishin da ake tattara wani aiki.
Kwatance: bayanin da zai kai baƙo wani wuri.
Taswira: zanen da ke nuna garuruwa da hanyoyi.
Na'ura: ƙarfen da aka ƙera don ya yi wani aiki.
Kilomita: ma'aunin nisa, mita 1,000.

TAMBAYOYI

1. Wace lamba ce ta gaggawa a Nijeriya? Wacce ce ta haɗarin mota?
2. Nawa ake biya in an buga su?
3. Me ya sa ƙarfen sabis ba ya nuna ainihin inda mutum yake a karkara?
4. Wane kuskure mai kira na farko ya yi?
5. Direba ya yi ɓatan kai na kilomita 20 da gudun kilomita 60 a awa. Minti nawa ya ɓata, zuwa da dawowa?
6. A kawo abu uku da gari zai yi idan sabis ya ɗauke.

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya rubuta kwatancen gidansa a littafinsa. Ya karanta wa wani ɗalibi da ba ɗan unguwarsu ba. In wancan ya ce zai iya zuwa ba tare da tambaya ba, kwatance ya yi. In ya ce bai gane ba, a sake rubutawa.

Bayan haka ɗalibai su kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai kira, ɗaya ya zama mai amsa. Malami ya duba agogo, a ga wanda zai faɗi abubuwan nan biyar cikin minti 1. A ajin mata ma a yi haka.

Daga ƙarshe aji ya je wurin mai gari da shawarar kafa allo a mararraba. Ɗaliban yaƙi da jahilci su ne za su rubuta sunan garinsu da hannunsu.

Allah ya kiyaye gari da daji, ya tsare matafiya, ya sauki masu ciki lafiya, amin.